Baƙo a Garin Kakarsa

Teburina yana gindin dalbejiya,
daura da ƙofar komisariya,
nan nake sayar wa mutane Faransanci,
dala arba'in kowace takarda.

Ran Alhamis, kasuwar Dole tana ci,
suka shigo da shi, hula a hannu:
Sagiru, baduku daga Baɓura,
ya zo sarin jar fata wurin majema,
ya kuma yi wa kakarsa addu'a a makwancinta.

Fitsari ne ya matse shi a hanya.
Ya ga katanga doguwa, fara, ba kowa,
ya tsuguna yadda ubansa ya koya masa,
har da butarsa.
Ashe katangar hukuma ce.
Akwai gargaɗi a jikinta, ja, manya-manya,
cikin harshen da bai sha a nono ba.

Da ɗan gari ne, sai a ce, "Kai, tashi!"
ko a ja masa kunne da jaka guda.
Amma da aka ce ya fiddo takarda,
sai ta fito da tambarin wata ƙasa,
wa'adinta kuma ya kwana uku da mutuwa.
Nan take laifi ya haifi ƙanensa.

Ajidan Mutari ya yi tambaya da Faransanci,
na juya da Hausa.
Sagiru ya amsa da Hausa,
na juya wa mutumin da har gobe
da Hausa uwarsa ke yi masa faɗa.
Mu uku, harshe ɗaya,
muna miƙa wa juna magana da tsinke
kamar wadda ta faɗa cikin wuta.

Tara, jaka ashirin.
Fatu, a ajiye su sai an bincika.
Shi kuwa, mota ta sauke shi a iyaka gobe,
kada ƙasar nan ta sake jin tafin ƙafarsa
sai damina biyu sun wuce.

Ya ce, "Malam, rubuta musu.
Kakata Tabawa, a Birni aka binne cibiyarta,
bayan dutsen nan mai kama da raƙumi a durƙushe.
Ka ce ban san katanga tana da ƴan ƙasa ba."
Na rubuta. Na zuba ladabi irin na Nasara,
na danna har harafin da ya karye a keken ya fito.
Takarda ta shiga ofis
kamar guga mai tsinkakkiyar igiya.

Abin da ban gaya masa ba:
shekara goma sha ɗaya ke nan,
a wani gari can bayan hamada,
na tsinki dabino uku da suka leƙo kan hanya.
Kwana tara na yi ina ƙirga ƙafafun masu gadi
ta ƙarƙashin ƙofa,
sannan babbar mota, sannan rairayi,
sannan hatimi mai faɗin tafin jariri
da ya fi ni nauyi a kowace iyaka.
Fasfon yana nan cikin aljihun tebur.
Dabino uku.
Ɗaya ma tsutsa ce a ciki.

Da safiyar Juma'a aka fito da shi.
Bai yi kuka ba, bai zagi kowa ba,
ya dai tsaya yana kallon duwatsun Damagaram
kamar mai haddace aya kafin a wanke allo.
Ya ajiye butar gefen teburina,
ya ce ba kujerarta a cikin motar.

Rana ta take tsaka, ladan ya yi kira,
sai ga ajidan ya fito yana sassauta ɗamara.
Ya ce, "Malam, ara mini butar nan."
Na miƙa masa.
Ya duba gabas, ya duba yamma,
ya zagaya bayan farar katanga.